Rigakafin Kaji Aikin Unguwa Ne

Kowace shekara, da an gama girbi hunturu ya fara busawa, labari ɗaya ake ji a gidajen Gusau da Tsafe da Bunguɗu: ciwo ya shiga kaji. Da safe a tarad da kaza ta yi zugum, ta saki fukafukai, tana zawo fari ko kore, numfashinta yana kurari. Wata kuma wuyanta ya murɗe, ta yi ta juyawa wuri ɗaya. Kafin mako ya zagayo akurki ya zama kango. Wannan ciwo shi ne wasu ke kira farin kashi, wasu su ce fakat, likitocin dabbobi kuwa suna kiransa Niyukasil, da sunan wani gari na Ingila. An fara gane shi a tsibirin Jaba cikin 1926, a Nijeriya kuwa aka ga ɓarkewarsa wajen Ibadan a ƙarshen 1952.

Mutane da yawa sun ɗauki abin kamar harajin shekara wanda ba makawa sai an biya. Wannan kuskure ne, domin ciwon yana da rigakafi, kuma a ƙasar nan ake yinsa. Abin da ya rage shi ne a san yadda za a kai shi ga kazar gida, wannan kuwa ya fi ƙarfin gida ɗaya.

Kada a raina asarar. Kazar gida takan yi kwanci kamar sau uku a shekara, kowane karo ƙwai goma ko sha biyu, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 21. Galibi kuwa dukiyar mata ce da yara. Da ita ake sayen magani in yaro ya kwanta, da ita ake fita kunyar baƙo, da kuɗinta ake harhaɗawa a sayi akuya. A ƙasar Zamfara kuma, inda satar shanu ta raba mutane da yawa da garkunansu cikin shekarun nan, akwai gidajen da ba su da sauran dabba sai kaji. Mai kaji goma in ya wayi gari ba ko ɗaya, asusunsa ne aka fasa.

Ya kamata a fahimci halin ciwon. Ƙwayar da ke kawo shi irin wadda ake kira bairas ce, tana fita cikin kashi da majina da numfashin kazar da ta kamu. Takan bi takalmi, da kwando, da kwanon ruwa. Kaza takan yi kamar kwana biyar ko shida da ƙwayar a jikinta kafin a ga alama, wani lokaci har mako biyu. Saboda haka zakaran da aka sayo a kasuwa yana cara lafiya lau yana iya zama shi ne ya kawo annoba gida. Agwagi kuma sukan ɗauke ta ba su nuna kome ba. Kajin unguwa kuwa tare suke kiwo, bola ɗaya, kwata ɗaya, ba ruwansu da katanga.

Akwai wata ɗabi'a da ke ƙara hura wutar. Da mutum ya ga kajinsa sun fara faɗuwa, sai ya kwashe sauran ya kai kasuwa da araha. Daga kasuwar Tsafe su bi mota zuwa Gusau, daga Gusau wani ya saya ya nufi Bunguɗu, cikin 'yan kwanaki ciwon ya ratsa garuruwa uku. Mai sayarwa yana ganin ya tsira da kuɗinsa, alhali kuwa ya zuba wa ɗan'uwansa guba a gida.

In ciwo ya shiga, abin da aka saba yi shi ne a buɗe kafso irin na mutane a zuba cikin ruwa, ko a jiƙa barkono ko ɓawon maɗaci. To, maganin kafso ba ya kashe bairas ko kaɗan. Kazar da ta tashi bayan an ba ta shi, da ma mai tashi ce. Kuɗi ne aka zubar, ga kuma wata ɓarna: yawan ba dabbobi irin wannan magani barkatai yana sa ƙwayoyin cuta su saba da shi, har ranar da mutum zai bukace shi ya ƙi ci.

Abin da ke aiki shi ne rigakafi tun kaza tana da lafiya. Cibiyar binciken ciwon dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924, tana yin magungunan rigakafin wannan ciwo. A cikinsu akwai wanda ake kira I-2, wanda masana na Jami'ar Kwinslan ta ƙasar Ostireliya suka samar musamman domin kajin ƙauye. Ya fi sauran jure zafi, kuma ba sai da allura ba. Ɗigo ɗaya ake sa wa a ido, babba da tsako duk daidai. Bayan mako ɗaya zuwa biyu jikin kaza ya kama. Amma fa ƙarfinsa yakan ragu, sai an sake kowane wata huɗu, watau sau uku a shekara. Ga ƙasarmu ta Arewa, in aka yi a watan Oktoba kafin hunturu, aka sake a Fabrairu, sa'an nan a Yuni, an rufe shekara ke nan.

To, ga inda gizo ke saƙa. Kwalba ɗaya ta kaji hamsin ce ko ɗari ko fiye, kuma da an haɗa ta da ruwa ba ta ajiyuwa. Mai kaji takwas ba zai yi tafiya ya sayo kwalba guda ya zubar da saura ba. Ko ya yi, 'yan tsakin da za a ƙyanƙyashe bayan haka suna cikin hatsari muddin kajin makwabta ba su samu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya dace shi ne gidaje goma ko sha biyar su haɗa kuɗi, mai unguwa ya sa rana, a yi shela a kulle kaji tun daren jiya, da sassafe a bi gida gida. Kuɗin kwalbar bai kai na zakara ɗaya ba, in aka raba shi kan gidajen kuwa ba wanda zai ji nauyi.

Tun da yake kajin suna cikin gida wajen mata, lalle ne a koya wa mace ɗaya ko biyu a kowace unguwa wannan aiki, don su ne ke shiga ko'ina ba shamaki. Ba abu ne mai wuya ba, yini ɗaya ya isa a koya. A riƙa ba su ɗan abin hasafi kan kowace kaza, don aikin da ba lada ba ya daɗewa. Nan ne ma'aikatan dabbobi na jiha da na ƙananan hukumomi ke da babban rabo: su tanadi maganin a wuri mai sanyi kafin Oktoba, su horar da waɗannan mata, su sanad da hakimai da dagatai ranakun.

Akwai masu cewa sun taɓa yin rigakafi amma kaji suka mutu. Maganarsu abin dubawa ce, kuma galibi dalili ɗaya ne cikin uku. Ko dai an yi bayan ciwon ya riga ya shiga, ko maganin ya sha rana a hanya ya lalace, ko kuwa wani ciwo ne dabam. Jure zafi ba ya nufin a bar kwalba cikin aljihu a rana. A naɗe ta cikin jiƙaƙƙen tsumma, a riƙe ta a inuwa, a kuma saya wajen wanda ke da firiji.

Rigakafin nan ciwo ɗaya yake tsarewa, saura sai tsabta. Kazar da aka sayo ko aka kawo kyauta a keɓe ta mako biyu kafin ta gauraya da na gida. A share akurki a kai a kai, a zuba toka a ƙasa da wurin kwanci saboda ƙuma da ƙwarƙwata. A sake ruwan sha kullum, a wanke kaskon. 'Yan tsaki a kife su da kwando makonnin farko, a ba su tsaki da dusa da gara, don shirwa da sanyi suna cin su ƙwarai. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi ko a ƙone ta, kada a jefa bola inda kare zai ja ta zuwa wani gida.

In kuwa aka ga kaji suna mutuwa da yawa farat ɗaya, a gaggauta gaya wa ma'aikacin dabbobi. Murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Nijeriya cikin Fabrairu 2006 a wata gona kusa da Jaji ta Jihar Kaduna, alamunta suna kama da na farin kashi, ita kuwa tana kama mutum. Kada a fige irin waɗannan kaji, kada a ci, kada a bar yara su taɓa.

Hunturu ba ya saɓa alkawari. Unguwar da ta tara kuɗinta ta sa rana tun ana cikin kaka, ita ce za ta ji carar zakara har bazara. Allah ya ba manoma sa'a, ya albarkaci kiwo, amin.