Mizanin Gamsuwar Majinyaci a Mai'adua

Tun da aka kafa SERVICOM, ofishin da ke lura da ingancin hidimar da ma'aikatun gwamnati ke yi wa jama'a, a shekarar 2004, aka kuma ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin majinyata a 2018, hukuma ta yarda, a baki dai, cewa wanda ya je ganin likita yana da ta cewa game da yadda aka karɓe shi. Abin da ya rage shi ne mizanin da za a auna maganarsa, kuma a nan muke ganin da sauran aiki. A Ingila takardar tambayoyi ake aika wa jama'a su cike, a buga sakamakon kowane ɗakin likita. Wannan dabara, in aka ɗauko ta ɗungurungum aka kawo Mai'adua, yabo kurum za a tara.

Dalili kuwa a fili yake. Dattijuwar da ta taso daga ƙauye tun asuba, ta yanki kati, ta zauna kan benci har rana ta take, sa'an nan aka rubuta mata magani tun ba ta gama faɗin inda ke mata ciwo ba, idan wanda ya duba ta ko abokin aikinsa ya tambaye ta ko ta gamsu, ba abin da za ta ce illa "Alhamdu lillahi, an gode, likita," domin kunya da kawaici sun ɗaure mata baki, ga kuma sanin gobe hannunsa za ta dawo. Akwai kuma wanda ba ya jin an duba shi sai an yi masa allura ko ƙarin ruwa, alhali kuwa la'alla ƙwaya ce maslaharsa; shaidar irin wannan ma sai an tace ta.

Saboda haka muke kira ga hukumar lafiya ta matakin farko ta Jihar Katsina da ta ɗora wannan amana a wuyan kwamitocin mazaɓu, waɗanda ba albashin asibiti suke ci ba, su bi majinyaci gida bayan kwana biyu, mata su tambayi mata, da baki, a kan abin da ya auku: an bar ki kin gama magana? An faɗa miki cutar? Kin san ƙa'idar shan maganin? A kuma lura da masu tsallake asibitin mazaɓarsu su nufi kemis ko Daura, musamman ran Lahadi da kasuwar Mai'adua ke ci, a ji hujjarsu. Abin da aka samu a karanta shi gaban hakimi da shugaban ƙaramar hukuma, ma'aikatan asibitin na zaune.