Da ruwan ciki ake jan na rijiya: darasin wata gidauniyar karatu a jihar Louisiana

A farkon watan Afrilun 2025, cikin dare, wasiƙun imel suka fara sauka a akwatunan shugabannin majalisun raya karatu da al'adu na jihohin Amurka. Saƙon bai da tsawo: an soke tallafin da gwamnatin tarayya ta riga ta amince za ta ba su a wannan shekara, kuma sokewar ta fara aiki nan take. Wasiƙun sun fito ne daga NEH, hukumar tarayya mai tallafa wa nazarin tarihi da adabi da harsuna da falsafa, makonni kaɗan bayan jami'an DOGE, ofishin tsuke bakin aljihun gwamnati da attajiri Elon Musk ke jagoranta a lokacin, sun shiga harabarta. Majalisu 56 abin ya shafa, na jihohi 50 da na birnin tarayya da na yankunan da ke ƙarƙashin Amurka, kuma abin da suke rabawa a tsakaninsu a shekara bai wuce kimanin dala miliyan 65 ba.

A ma'aunin kasafin Amurka wannan kuɗi bai taka kara ya karya ba. Amma kafin mako ya zagayo, wasu majalisun sun dakatar da ma'aikata, wasu sun janye alƙawuran da suka yi wa ƙananan ɗakunan karatu da gidajen tarihi na karkara. Duk ma'aikacin da ya taɓa tsara kasafi a wata ma'aikata, ko ya rubuta wa maigidansa takardar shawara kan wani shirin ilimi, yana da abin lura a nan. Tambayar da lamarin ya taso da ita tsohuwa ce: wa ya kamata ya ɗauki nauyin karatun jama'a, kuma ta wace hanya kuɗin zai bi ya isa hannun mai karantarwa?

Misali ɗaya ya isa a fahimci tsarin. Louisiana jiha ce a kudancin Amurka, mai mutane kimanin miliyan huɗu da rabi, kuma tana cikin jihohin da talauci da raunin karatu suka fi yi wa katutu. A can ne aka kafa Louisiana Endowment for the Humanities, wato LEH, a 1971, shekara shida bayan shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan dokar da ta samar da NEH. Ofishinta yana birnin New Orleans. Ba sashen gwamnati ba ce, kuma ma'aikatanta ba sa cikin jerin masu karɓar albashin jiha. Ƙungiya ce mai zaman kanta wadda ba ta neman riba, tana da kwamitin amintattu na 'yan sa-kai. Doka ta ba gwamnan jiha damar naɗa wasu daga cikin 'yan kwamitin, amma ta taƙaita rabonsa kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu. Ke nan gwamnati tana da kunne a ɗakin taro, sai dai ba ita ke riƙe da linzami ba.

Aikin da ya fi fito da sunan gidauniyar shi ne shirin karatun iyali mai suna Prime Time, wanda aka fara a 1991 a wani ɗakin karatu na yankin Baton Rouge. Tsarinsa mai sauƙi ne ƙwarai. Sau ɗaya a mako, tsawon mako shida, iyaye da 'ya'yansu 'yan shekara 6 zuwa 10 suna haɗuwa da yamma a ɗakin karatu ko makaranta na kimanin sa'a ɗaya da rabi. Mai ba da labari ya karanta littafin yara da murya, sannan wani malami, galibi daga jami'a, ya jagoranci tattaunawa. Ba a tambayar yaro sunan jarumin labari don a gwada haddarsa. Ana tambayarsa ko abin da aka yi wa wane adalci ne, ko me ya sa haɗama ta kai wance ga halaka, uba ko uwa su ma su faɗi nasu, a yi ta muhawara. Ƙannen da ba su kai shekarun ba akwai mai kula da su a gefe. Ana ba da abinci, ana taimaka wa waɗanda ba su da abin hawa, iyali kuma su tafi gida da littattafan mako mai zuwa.

Wanda ya saba da manyan ayyuka zai iya raina wannan. Amma a duba inda kuɗin ya tafi: littattafai, alawus ɗin mai ba da labari da malami, horar da su, abinci da sufuri. Kowane ɗayansu yana kawar da wani dalili na zahiri da ke hana matalauciyar uwa zuwa. Wadda ta tashi aiki a gajiye ba za ta zaɓi ɗakin karatu a kan girkin dare ba, sai idan girkin yana can yana jiranta. Babu sabon gini, domin ɗakin karatun da kujerunsa da fitilarsa na ƙaramar hukuma ne tun da farko. Saboda arharsa da sauƙin kwaikwayonsa shirin ya bazu zuwa wasu jihohi masu yawa. A gefe guda gidauniyar tana buga mujallar tarihi da al'adu mai suna 64 Parishes, sunan da aka ɗauko daga yawan gundumomin jihar, tana kula da kundin sani na jihar a intanet, tana kuma raba ƙananan tallafi ga gidajen tarihi da bukukuwan adabi da masu shirya fina-finan tarihi.

Asirin tafiyar yana cikin yadda ake haɗa kuɗin. Tallafin NEH ba kyauta ce ta a karɓa a yi godiya ba. Ƙa'ida ita ce duk dalar da ta zo daga Washington sai majalisar jiha ta nuna takwararta daga wani wuri, ko tsabar kuɗi ko kuma hidimar da za a iya ƙiyasta darajarta, kamar ɗakin taron da aka ba da aro ko lokacin da 'yan sa-kai suka sadaukar. Wannan sharaɗi shi ke tilasta wa gidauniya ta fita neman kamfanoni da attajirai da gidauniyoyin iyalai da masu biyan kuɗin mujalla. Shi kuma mai bayarwa hankalinsa yana kwanciya idan ya ga akwai ofishi tsayayye da akanta da rahoton binciken kuɗi, abubuwan da kuɗin tarayya ke biya. Attajiri yana son a ce shi ya sayi littattafai dubu. Ba kasafai yake son biyan kuɗin wuta da albashin akanta ba. Hausawa sun riga sun faɗi: da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kuɗin gwamnati shi ne ruwan cikin.

LEH ta ɗanɗani ɗacin dogaro da hannu ɗaya tun kafin 2025. A zamanin gwamna Bobby Jindal, lokacin da jihar ta shiga matsin kasafi, an yi ta zaftare kason da majalisar dokokin jiha ke ba ta har aka kai ga share shi. Gidauniyar ta rage ma'aikata da shirye-shirye, sannan ta nemi wata ƙofa. A 2016 reshenta na Prime Time ya samu kwangilar gudanar da cibiyoyin Head Start, shirin tarayya na renon yaran talakawa kafin shiga firamare, a gundumar Ouachita da ke arewacin jihar, daga baya aka ƙara da wasu gundumomi a kudu. Hakan ya faɗaɗa kasafinta, ya kuma kai tsarin karatunta ga yara tun suna ƙanana. Sai dai akwai abin dubawa: kuɗin Head Start shi ma daga baitulmalin tarayya yake fitowa, ta wata ma'aikata daban, kuma an ɗaure shi ga aikin da aka bayar dominsa, ba za a ɗebe shi a buga mujalla ba. Famfo biyu da ke jan ruwa daga tanki ɗaya rana ɗaya suke ƙafewa.

Abin da ya biyo bayan sokewar Afrilu ya amsa wata tsohuwar da'awa, wadda ke cewa idan gwamnati ta janye, masu hannu da shuni za su cike gurbin. Kafin watan ya ƙare Gidauniyar Mellon, ɗaya daga cikin manyan masu tallafa wa adabi da fasaha a Amurka, ta ba da agajin gaggawa na dala miliyan 15: dala 200,000 ga kowace majalisa, da ƙarin dala 50,000 ga wadda ta iya tara kwatankwacinsa a jiharta. Abin yabo ne, amma lissafi ba ya ƙarya. Miliyan 15 bai kai rubu'in miliyan 65 ba, kuma sau ɗaya aka bayar. A watan Agusta wani alƙalin kotun tarayya a jihar Oregon, Michael Simon, ya ce alamu sun nuna sokewar ta saɓa wa tsarin mulki, domin ikon kasafta kuɗi na majalisar dokoki ne, ya kuma hana a karkatar da kuɗin zuwa wani aiki. Hukuncin ya zo bayan wata huɗu. A tsawon wannan lokaci shirye-shiryen hutun bazara sun wuce, kuma yaron da ya rasa mako shida na karatu da mahaifiyarsa ba kotun da za ta mayar masa da su.

Masu goyon bayan sokewar suna da hujjarsu, kuma bai dace a yi watsi da ita ba. Suna cewa harajin talaka bai kamata ya tafi ga tarukan da malaman jami'a ke tsarawa bisa ra'ayinsu ba, kuma ƙungiya mai zaman kanta ba ta tsayawa zaɓe balle a hukunta ta. Gaskiya ne cewa sunan ƙungiya mara neman riba ba shaidar tsarki ba ne. Amsar wannan damuwa ita ce bincike, kuma tsarin ya tanade shi: irin waɗannan ƙungiyoyi suna miƙa wa hukumar haraji bayanin kuɗin shiga da na fita kowace shekara, har da albashin manyan jami'ansu, kuma kowa na iya neman takardar ya karanta. Gwamnatin da ta ga ɓarna tana iya kama mai ɓarna, wadda kuma ta sauya manufa tana iya zuwa majalisa ta nemi a gyara kasafin baɗi. Abin da ba shi da kariya shi ne yanke alƙawari a tsakiyar shekara, bayan an ɗauki ma'aikata kuma an sanar da iyaye ranar farawa.

Wannan labari bai tsaya a Louisiana ba. Guguwar da ta taɓa NEH ita ce ta rusa hukumar USAID a shekarar, hukumar da ta daɗe tana ɗaukar nauyin shirye-shiryen koyon karatu da Hausa a azuzuwan farko, irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato. Najeriya ma ta san tsarin kawo naka a ba ka. Dokar UBEC ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar tarayya domin ilimin bai-ɗaya, da sharaɗin jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa, kuma shekara da shekaru biliyoyin naira suna kwance saboda jihohi sun kasa ajiyewa. Bambancin a fili yake. A nan gwamnati ce ke jiran gwamnati, kuma gwamnan da ya ƙi kawo kasonsa ba kujerarsa ke girgiza ba. A can wadda ake jira ta kawo ƙungiya ce da rayuwarta ta rataya ga cika sharaɗin, don haka ba ta barci. Haka nan tun 1991 akwai dokar kafa asusun tallafa wa fasaha na ƙasa, amma marubuta da masu wasan kwaikwayo ba su ga amfaninsa ba. Ginin hedikwatar Ɗakin Karatu na Ƙasa a Abuja, wanda aka ba da kwangilarsa a 2006, ya shafe kusan shekara ashirin yana jiran a kammala shi.

Mai tsara kasafi da mai ba minista ko ɗan majalisa shawara za su iya ɗaukar abubuwa uku daga nan ba tare da kwafe tsarin wata ƙasa baki ɗaya ba. Na farko, kuɗi kaɗan da ke zuwa a kan lokaci kowace shekara ya fi wa shirin karatu amfani a kan kuɗi mai yawa da ke zuwa sau ɗaya tare da bikin yanke kyalle. Na biyu, a buɗe ƙofar tallafin haɗin gwiwa ga ƙungiyoyi masu rajista da ke aiki a jihohi, kamar na marubuta da na malamai da na mata masu koyar da manya, bisa sharaɗin su kawo nasu kason, su buga bayanin kuɗinsu a fili, kuma kada gwamna ko minista ya mallaki rinjaye a kwamitinsu. Na uku, a yarda cewa kuɗin abinci da na mota da alawus ɗin mai karantarwa suna cikin jikin aikin, kada a riƙa share su daga takarda da sunan almubazzaranci alhali ana barin kuɗin siminti.

Su ma ƙungiyoyin akwai nasu karatun. Wadda duk kasafinta ya fito daga ofishin jakadanci ɗaya ko ma'aikata ɗaya tana zaune ne a inuwar da wani zai iya sarewa da wasiƙa guda. Murhu bai taɓa tsayawa da dutse ɗaya ba. Sai dai abin da ya faru a Amurka ya nuna cewa a cikin duwatsun uku akwai wanda babu mai iya maye gurbinsa, kuma shi ne wanda ke hannun masu riƙe da baitulmali. Kasafin baɗi ana rubuta shi a ofisoshin Abuja, layi bayan layi, kuma a cikin waɗannan layuka ake yanke shawarar ko wata uwa za ta samu wurin zama ta buɗe littafi tare da ɗanta.