Gidan Tarihin Jos: Gwani Muke So, Ba Takardar Asali Ba

Jama'a, gidan tarihin da Bernard Fagg ya kafa a Jos a 1952 na Gwamnatin Tarayya ne, ba gadon wata ƙabila ba. A harabarsa akwai kwaikwayon ganuwar Kano da na masallacin Zariya. Ginin ƙasa ne. In babu yaɓe, ruwan Filato zai cinye shi. To, duk ranar da za a naɗa sabon shugaba, a tambaye shi: ya san magina? Ya iya nemo kuɗin gyara? Mun ga abin da gardamar "ɗan ƙasa" da "baƙo" kan naɗin muƙami ta jawo mana a 1994 da 2001. Yaranmu da na maƙwabtanmu na Kabong duk can suke zuwa kallo. Kada a sake tambayar kowa garin kakansa.