Karatun Falsafar Jamus: Ɓata Lokaci Ne?

Kwanan baya wani malamin makaranta daga Kalambaina ya zo neman shawara. Yana so ya ƙare rayuwarsa wajen binciken tarihin falsafar Jamusawa. 'Yan'uwansa suka ce hankalinsa ya taɓu: ga kamfanin siminti a ƙofar gida yana bukatar injiniyoyi, me Kant da Hegel za su ƙulla masa?

Mu a ganinmu wannan hukunci ya yi tsanani. Gaskiya ne ƙasa ba ta ci gaba sai da injiniyoyi da likitoci, amma fa tunani shi ma yana mulki. Hegel, wanda ya rasu a Berlin a 1831, ya koyar cewa ƙasashen baƙar fata ba su da wani tarihi abin kulawa. Wannan ra'ayi ya daɗe yana yawo cikin littattafan makaranta. To, wa zai warware shi in ba wanda ya karanta shi daga tushe ba, cikin Jamusanci?

Abin sha'awa, amsar tana nan gida. Wajen 1824, Hegel yana raye, Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, ya rubuta Raudatul Afkar a kan tarihin ƙasar Hausa, ya kuma yi wallafa a kan falsafa. Da Barth, Bajamushen da ya yi karatu a Jami'ar Berlin, ya zo ƙasar Sakkwato a 1853, ya sadu da shi, ya ce bai ga wanda ya fi shi ilmi ba a cikin mutanen Sakkwato na zamanin. Tun kafin wannan, Anton Wilhelm Amo, ɗan Axim ta ƙasar Gana, ya sami digirin dakta a Wittenberg a 1734, ya koyar da falsafa a Halle da Jena.

Saboda haka shawararmu ita ce a bar shi ya tafi, amma da sharaɗi biyu. Na ɗaya, ya ƙware a Larabci kamar yadda zai ƙware a Jamusanci, don kada ya san Berlin ya jahilci Salame. Na biyu, ya komo ya koyar da abin da ya samo cikin Hausa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Malamai, kada ku kashe wa irin waɗannan yara gwiwa. Mutum ɗaya cikin lardi ya isa. Allah Ya sa mu dace, amin.