Diplom kaɗai ba ya koyar da kurma

Yau maganata da masu tura malamai lakwal ɗin yara masu buƙata ta musamman ce, kuma ba zan ɓoye ba, raina a ɓace yake.

Wai don Allah, da me kuke auna malamin kurame da na makafi? Diplom, shekarun aiki, shi ke nan. To wa ya duba ko mushe ya iya riƙe zuciyarsa idan ya maimaita abu sau goma yaro bai gane ba?

Hausawa suka ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ga yaro kurma wannan ba karin magana ba ne, rayuwa ce. A maganar hannu, gira da ido da baki duk cikin harshen suke. Malam ya shigo a murtuke, yaro ya karanta, ya ja jiki, darasi ya mutu tun ba a fara ba. Makaho kuwa murya yake bi. Yatsarsa na laluben ɗigo shida na rubutun Braille, ka daka masa tsawa, hannu ya ɗau rawa. Ina karatu?

Masu cewa "ai haƙuri halitta ce, ba a koyar da shi", ku yi mani uzuri, kun yi kuskure. Tun 1990 masana biyu na Amurka, Peter Salovey da John Mayer, suka bayyana wannan basira: mutum ya gane abin da ke ransa, ya gane na wani, ya iya sarrafa su. Daniel Goleman ya yaɗa zancen da littafinsa a 1995. Gwaninta ce, kamar ɗinki. Ana koyo, ana gogewa. Me ya hana ta samu gurbi na sosai a lakwal ɗin horar da malamai?

Amma kada manya su laɓe a nan. "Ku yi haƙuri, aikin lada ne" ba albashi ba ne. Ɗan kwantiragin da kuɗinsa suka makara, mai gida na bin sa haya, ga aji cike, babu wanda zai kai wa kuka, da wace zuciya zai lallashi ɗan wani? Rijiyar da ake ja ba ta ɓuɓɓuga, wata rana guga zai fito da laka.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008. Sa hannu ba wuya. A gwada malami cikin aji kafin a tura shi, a horar da shi, a biya shi a kan lokaci, a saurari damuwarsa.

Ku kuma iyaye, ku leƙa lakwal. Idan yaronku ya soma ƙin zuwa, kada ku ce taurin kai ne. Ku dubi fuskarsa, akwai labari.

Allah ya sa masu kunne su ji.