Kukan Tsofaffin Abokan Tafiya a Gombe

Ran Jumma'a 5 ga watan Nuwamba na 2021, Sanata Muhammad Danjuma Goje ya sauka a filin jirgin saman Gombe, ya kama hanyar shiga gari, sai aka tare ayarinsa kusa da babban ɗakin taro da ke kan hanyar Bauchi. Aka yi fashe-fashen motoci, aka ji wa mutane rauni, har aka yi asarar rayuka. Mutanen Sanata suka ce 'yan banga ne na gwamnati suka hana shi shiga garinsu, ita kuwa gwamnati ta ce shi ne ya kwaso 'yan daba don tayar da fitina. 'Yarsa Hussaina, wadda take Kwamishinar Muhalli a lokacin, ta ajiye aikinta.

Abin da ya sa labarin ya girgiza mutanen Gombe mazauna Ikko da Badun da sauran garuruwan Kurmi shi ne kusancin mutanen biyu. Alhaji Inuwa Yahaya ya yi Kwamishinan Kuɗi a gwamnatin Goje, wadda ta yi mulki daga 2003 zuwa 2011, kuma jam'iyya ɗaya ta APC suka yi wa aiki har Inuwa ya zama Gwamna a zaɓen 2019 da ya kawo ƙarshen mulkin PDP a jihar.

Kukan Sanata yana kan hanya. Sashe na 40 da na 41 na Tsarin Mulkin 1999 sun ba kowane ɗan Nijeriya iznin yin taro da zuwa duk inda ya so a cikin ƙasa. Ko da wa ya fara jifa a ranar, aikin 'yan sanda ne su buɗe hanya, kuma alhakin zaman lafiyar jiha yana wuyan mai riƙe da mulki.

To, amma fa mutumin Malam Inna, ko na Bolari, ko na Jekadafari, bai manta da 'yan Kalare ba. Tun 2007 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan yadda waɗannan samari suka addabi Gombe da sara da suka, ta kuma danganta su da masu mulkin wancan zamani, wato zamanin Goje. A shekarun nan mai shago kan rufe da wuri, ɗan hamayya kan kwana da ido ɗaya. Waɗanda suka yi kuka a lokacin ba su da ayarin motoci, ba su da mai kai maganarsu Abuja, kuma da yawa daga manyan da suka raba gari daga baya, a inuwa ɗaya suke zaune.

Wannan ba dalili ba ne na toshe kunne. Wanda ya zauna cikin ɗaki ya fi kowa sanin inda yake yoyo, don haka in tsohon abokin gwamnati ya ce ana danne haƙƙin jama'a, a saurare shi. Sai dai a tambaye shi: yaushe ya gane? Ran da aka doki talaka, ko ran da aka tare motarsa?

Shugabannin jam'iyya sun shiga tsakani, aka yi sulhu a 2022, ga shi kuma a watan Afrilu na 2023 mazaɓar Kashere ta ce ta kori Goje daga APC, bayan ya sake cin kujerarsa ta Majalisar Dattijai. Duk wannan shari'ar manya ce, a kan wa zai riƙe jam'iyya. Iyalan da suka binne 'ya'yansu a Nuwamban 2021 ba da su aka zauna teburin sulhu ba.

Saboda haka ya kamata ƙungiyoyin mutanen Gombe da ke Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, waɗanda 'yan siyasa kan ziyarta in zaɓe ya ƙarato, su riƙa tambayar kowane ɓangare wa ya ɗauki samarin nan, wa ya biya su, kuma wa aka kai gaban alƙali.