Kada 'yan gwangwan su riga mu Fijo

A wannan watan ba labarin jaruma na zo da shi ba, ba kuma rigimar furodusa da 'yan kasuwa ba. Zancen mota ne, tsohuwar mota ma kuwa. Kafin ka juya shafi, mai karatu, tsaya ka ji inda ta haɗu da fim.

Sau nawa ka kalli fim ɗin Hausa aka yi waiwaye, aka rubuta "shekaru arba'in da su ka wuce", hoto ya koma fari da baƙi, an ɗaura wa uwar yarinya atamfa irin ta da, maigida ya kafa hula zanna, amma da ya tashi fita sai ga shi ya buɗe Corolla ya shige? Haba darakta! Nan take labarin ya mutu. Motar da ta dace da wannan sin ɗin kowa ya san ta, Fijo 504 ce. Kuma ba wai babu ita ba ne. Ka zaga garejojin Birnin Kebbi, ko ka leƙa ƙofar gidajen tsofaffin ma'aikata a Argungu, za ka ci karo da ita a ɗage kan duwatsu, babu taya, awaki sun mai da ƙarƙashin ta wurin shan inuwa.

Ga ƙannen mu da ba su riske ta da ƙarfin ta ba, bari in ɗan yi bayani. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a 1968, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta, har Turawa na kwatanta fitilun ta na gaba da idanun jaruma Sophia Loren. Kun ga tun daga haihuwa ta na da dangantaka da 'yan fim ke nan. A 1975 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, kuma a shekarar ne masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Bayan rasuwar Janar Murtala a 1976, gwamnatin Obasanjo ta ce manyan ma'aikata su rage facaka su koma Fijo. Daga nan ta zama motar kwamishina, motar alƙali, motar 'yan sanda. Wagon ɗin ta ta mamaye tasha, a-kori-kurar ta ta shiga kasuwannin ƙauye. Lokacin da aka cire Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991, ita ke jigilar mutane a hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu zuwa Sakkwato. Faransa ta daina ƙera salun ɗin ta tun 1983, amma Kaduna ba ta saki ba sai wajen 2006.

To me ya sa na ke cewa matashi ya ɗauki tayar da ita a matsayin abin sha'awa, kamar yadda wani ke kiwon tantabara ko bin ƙwallo? Saboda mota ce da hannu da kunne ke iya gyarawa. Ba ta da kwamfuta, ba sai an jona mata na'ura ta faɗi ciwon ta ba. Inji ne mai fulogi huɗu, da kafireta, da kwantak. Tsohon bakanike ya kara kunne ya ji sautin ta, ya san inda matsalar ta ke. Tayoyin baya ne ke tura ta, kuma sandar da ke kai musu ƙarfi a cikin bututu ta ke, ƙura da yashi ba su taɓa ta. Wannan da kuma laushin sifirin ɗin ta su ne sirrin da ya sa ta jure hanyoyin da su ka kashe wasu motocin.

Amma fa aikin ba na mai gaggawa ba ne. Yawancin samari da fenti su ke farawa, don a gani a yaba, alhali fenti shi ne na ƙarshe. Farko dai takardu: ka tabbatar lambar da ke jikin mota ta yi daidai da wadda ke takarda, kuma duk magada sun yarda a sayar, don irin waɗannan motoci galibi na gado ne, kada ka kashe kuɗin ka wani ɗan'uwa ya taso daga baya. Sai ka ɗaga kafet ka duba ƙasan ta. Mu nan Allah ya taimake mu, busasshiyar iska ta sa jikin mota ya fi daɗewa a kan na Kudu, sai dai motar da ta yi rayuwar ta ta na ratsa fadamar Rima da damina, ta na kwasar buhunan shinkafa da ɗanyen kifi, za ka tarar tsatsa ta cinye ta daga ƙasa ko da saman na ƙyalli. Wannan aikin mai walda ne da fanalbita, kuma nan kuɗi ke tafiya.

Injin da ya yi shekaru a kwance kuwa ba a sa masa batir a murɗa makulli haka kawai. A cire fulogi, a ɗiga mai a ramukan, a bar shi ya kwana biyu, a juya shi da hannu tukuna. A wanke tanki, a sake robobin mai da na ruwa, a buɗe birki gaba da baya. Lagireto kuwa kada a yi masa rowa. Wanda ya san zafin Kebbi a watan Afrilu, lokacin da awo ke haura 40, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Bayan nan mai rewaya ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, don ɓeraye sun daɗe da yin gida a ciki.

Abin mamaki, ba kayan inji ne ke wahalar samu ba. Ƙananan abubuwa ne: gilashin fitila na asali, tambarin zakin nan na gaba, bamba mai ƙyalli, marikin ƙofa, da dashbod ɗin da rana ba ta tsattsaga ba. A kan irin waɗannan sai mutum ya dangana da Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko ya bi ta Kamba ya tsallaka Gaya ta Nijar, ko kuma ya sayi wata mushen motar ya riƙa cirar kaya a jikin ta.

Sai batun sauye-sauye, inda na san zan ɓata wa wasu abokai rai. Wani ya samu Fijo lafiyayya, ya cire mata wili na asali ya sa na zamani masu faɗi, ya baƙanta gilashi, ya liƙa fitilu masu launi-launi, ya cika but da lasifika. Kuɗin sa ne, motar sa ce, ban hana ba. Amma wallahi ta tashi daga Fijo, kuma ba ta zama Benz ba. Ni ra'ayi na, duk gyaran da ke ɓoye a yi shi: a sauya kwantak da na lantarki, a ƙara fanka, a sa bel mai kyau, har na'urar sanyaya ɗaki in da hali. Kyamara ba ta leƙa cikin bonet. Wili da fitila da launi kuwa su ta ke fara kamawa.

Abin da ya sa na ɗaga murya shi ne 'yan gwangwan. Su ba ruwan su da Sophia Loren, kilo su ke aunawa. Kullum su na zagaye unguwanni, magada kuma sun gaji da ganin mota ta tare ƙofar gida. Rana ɗaya a kawo abin yanka, kafin la'asar an loda ta a tirela. Wadda aka yanka ta tafi ke nan, tunda babu inda ake ƙera wata. Haka su ma kanikawan da su ka san kafireta, tsufa na cim masu, yaran su sun koma kan motocin kwamfuta.

A wasu wuraren ba haka ake yi ba. Ku masu son fim ɗin Indiya kun san Ambassador, farar motar nan ta minista da ɗan sanda. An daina ƙera ta a 2014, amma har gobe in labari ya koma baya za ku gan ta fes. Ɗaya daga cikin motocin Aston Martin DB5 na James Bond an sayar da ita sama da dala miliyan 6 a 2019. A nan gida, Izu Ojukwu da ya yi fim ɗin '76 a 2016, da Kunle Afolayan da ya yi October 1 a 2014, ai ba su sa jaruman su a motar yau ba. Mercedes ɗin da aka harbe Murtala a ciki ma ta na nan a gidan tarihi na Legas ana zuwa kallo.

Mu kuma mu na da dandalin da wasu ba su da shi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali tun 1934, an san shi da jerin gwanon motoci. A 2020 hukumar NADDC ta shirya shi daga Abuja zuwa Argungu da motocin da aka harhaɗa a Nijeriya, lokacin Jelani Aliyu na shugabantar ta. Shi Jelanin nan, wanda ya zana Chevrolet Volt a Amurka, a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi ya yi difloma (mu 'yan foli dole mu ɗan yi tinƙaho). To me zai hana masu shirya bikin su ware rukuni guda na tsofaffin motoci, a jera su a gaban Gidan Tarihi na Kanta, a ba wanda ya fi iya gyara kyauta? Ai Fijo ma harhaɗin gida ce, ita ce ma yayar su.

Ku kuma furodusoshi, in kun samu mai irin wannan mota ku ɗauke ta haya da mutunci. Ku biya shi kuɗin da zai sayi ko da fitila ne, ku bar shi ya zo lokeshin da kan sa, kuma a koya wa jarumi giyar ta kafin a ce "akshin", kada ya ƙone wa bawan Allah kuloci a sin ɗaya.

Duk wanda ke da 504, ko 404, ko Bitil da ya tayar ko ya ke kan tayarwa, a Birnin Kebbi, Argungu, Jega ko Yawuri, ya aiko mana da hoton ta ta hannun edita, tare da shekarar ta da abin da ya fi ba shi wahala wajen gyara. Za mu buga waɗanda su ka fi burge mu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.